Ba Ta Gyaran Murya

Ranar da na kawo ta Hotoro
yaran layi suka kewaye ta suna gardama:
gaba motar alhaji, baya a-kori-kura,
rabin cikinta fetur, rabi lantarki,
jemage dai, ba ta ga tsuntsu, ba ta ga dabba.

Ƙwai nake rabawa kantuna.
Kiret tamanin take ɗauka in ni na jera,
tamanin da biyar in Zinatu ce.
Takan tashi kamar mai goyo daga tabarma.
Tun watan Rajab
fasasshe bai wuce bakwai ba.

A cunkoson 'Yankura ta fara ba ni kunya.
Muna tsayawa ta yi tsit.
Mai Adaidaita ya leƙo: Malam, ta mace ne?
Ban buɗe baki ba samari uku sun kafa kafaɗa a bayanta,
sa ta a giya biyu!
Na ɗaga ƙafa daga birki, ta sulale,
na tsakiyan ya kusa shan ƙasa.
Na miƙa musu ƙwai shida ta taga,
ladan niyya.

Sabitu na Ƙofar Ruwa,
da ya yi shekara tara yana jinyar tsohuwar motata,
ya ɗaga bonet, ya ga wayoyi ruwan lemo,
ya mai da hannu aljihu.
Wannan ba sifana take ji ba, in ji shi,
kai ta wurin yaron can mai kwamfuta.
Tun ranar gaisuwarmu ta gajarta.

Gidan mai sai kwana goma.
Mai famfo ya ce ko na yi sabon aboki ne.
Rarar nake jefawa a gwangwanin madara,
don an ce ranar da batirinta ya gaji
ni ma zan gaji.
Ga cikinta kusa da ƙasa:
in ruwan Agusta ya kwanta a titi
sai mu tsaya, ni da ita, muna kallon tifa.
Kowa kuma a layinmu ya tuna
yana da firjin da za a kai gyara.

Duk wannan da sauƙi.

Baba ya ja gingimari shekara talatin,
Kano zuwa Fatakwal.
Ido ya tafi, kunne ya zauna.
Da, tun ina kwanar masallaci yake jin tsohuwar,
ya ce Zinatu, zuba tuwo, ga shi nan,
kuma ki gaya masa filogi ɗaya ya kwanta.

Ran nan ƙarfe goma na dare
na tsaya ƙofar gida ina ƙirga ciniki a fitilar mota.
Da na ɗago, ga shi a dakali,
taku uku tsakaninmu,
ya juya kunne wajen titi
yana jirana.

Na yi sallama, ya zabura.
Ya laluba, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfenta, ya daɗe.
Tana numfashi kuwa?
Abin da zai shigo gida ba gyaran murya
ni ban san yadda zan yarda da shi ba.

Yanzu a kwanar masallaci nakan danna oda sau biyu.
Ya ce muryar aro ce,
amma ana zuba tuwon.

Juma'ar da ta wuce na ɗauke shi.
Cikin gari bai ce komai ba, ita ma haka.
Sai da muka hau titin Haɗeja,
hanya ta buɗe,
injin ya farka daga gyangyaɗi.
Baba ya karkata kai kamar an kira sunansa.
Yauwa. Ashe tana ciki.
Silinda huɗu, yarinya ce.
Ɗan ƙara mata wuta in ji.

Kiret sittin ne a baya.
Na taka.

Ranar sha ɗaya suka fashe.
Ban rubuta a littafi ba.